Yadda Ake Rarraba Manhaja Zuwa Ƙananan Sassa a Ɗora Su a Gajimare

A watan Agustan 2008 babban rumbun bayanan Netflix ya lalace, kamfanin ya kwana uku bai iya aika wa masu hulɗa da shi faifan DVD ba. Wannan ne ya sa suka yanke shawarar barin nasu ɗakunan kwamfuta su koma haya a wajen Amazon. Ba su kuma kinkimi manhajar yadda take suka kai can ba, sai suka riƙa yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta tsaya da ƙafarta. Ba su gama wannan ƙaura ba sai a Janairun 2016. Sama da shekara bakwai ke nan, ga kamfanin da bai rasa kuɗi ba, bai rasa ƙwararru ba. Duk wanda ya ce maka aikin mako biyu ne, bai taɓa yi ba.

Waɗannan ƙananan sassa su ake kira maikrosabis, sunan da ya bazu bayan rubutun James Lewis da Martin Fowler na watan Maris 2014. Kishiyarsu ita ce dunƙulalliyar manhaja, wadda komai nata yake wuri guda: tare ake gina ta, tare ake ɗora ta, in ta faɗi kuma tare take faɗuwa. Gajimare kuwa, duk da daɗin sunan, kwamfutocin wasu ne kake haya ta intanet, kamar AWS na Amazon, Azure na Microsoft da Google Cloud.

Abu ɗaya rarrabawa take saya maka: ka gyara sashe ɗaya ka sake shi ba tare da jiran saura ba. Farashinsa kuwa, duk maganar da a da ake yi cikin kwamfuta ɗaya yanzu sai ta bi ta netwok, kuma saƙon da ya bi ta netwok yana iya makara, yana iya ɓata, yana iya isowa sau biyu. Za mu ɗauki misalin shagon intanet mai sayar da atamfa da shadda, wanda manhajarsa ke kula da jerin kaya, oda, biyan kuɗi da tura saƙon tes ga kwastoma.

Mataki na 1: Tabbatar ciwon da kake da shi ne wannan maganin yake warkarwa

Idan ku uku ne kuke rubuta manhajar, kuna zaune ɗaki ɗaya, shawarata ita ce a bar kaza cikin gashinta. Maikrosabis maganin cunkoson mutane ne kafin ya zama maganin cunkoson kwamfuta. Tun 1968 Melvin Conway ya lura cewa fasalin manhaja yakan kwaikwayi yadda masu gina ta suke magana da juna. Amazon ta yi suna da ƙa'idar cewa kada tawaga ta fi yawan mutanen da fiza biyu za ta ƙosar, kuma kowace tawaga ita ke riƙe da sashenta daga rubutawa har zuwa tashin dare in ya lalace. Idan ba ka da tawagogi, wa zai riƙe sassan?

Akwai waɗanda suka shiga suka fito. Kamfanin Segment ya bayyana a 2018 cewa ya mayar da sassa sama da 140 zuwa manhaja guda, saboda kula da su ya cinye lokacin injiniyoyinsa. A 2023 wata tawagar Prime Video, a cikin gidan Amazon ɗin kansa, ta haɗe sassan na'urarta mai duba ingancin bidiyo wuri ɗaya, kuɗin gudanarwa ya ragu da kashi 90 cikin ɗari. Shopify kuma, kamfanin da ke samar wa 'yan kasuwa shagunan intanet, duk girmansa, ƙashin bayansa dunƙulalliyar manhaja ce da aka tsara cikinta ɗaki-ɗaki.

Alamomin da ke nuna lokaci ya yi su ne: gyaran layi ɗaya a sashen saƙonni sai ya jira mako guda saboda masu sashen biya ba su gama nasu ba, ko sashe ɗaya ne ke shan nauyi a jajiberin salla amma dole ka ƙara wa dukan manhajar uwayen garke (wato kwamfutocin da take gudana a kansu), ko kuskure a wani lungu mara muhimmanci yana kayar da shagon gaba ɗaya. In ba ka ga ko ɗaya ba, tsaya nan.

Mataki na 2: Gina layin saki tun kafin ka ɗauki wuƙa

Mutum yana iya ɗora manhaja ɗaya da hannu. Goma ba za su ɗoru da hannu ba. Saboda haka, tun manhajar tana dunƙule, ka shirya layin da zai yi aikin da kansa: da zarar an tura kod (rubutun manhajar) zuwa Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane gyara, layin ya gwada shi, ya gina shi, ya ɗora shi a wurin gwaji, sannan ya kai shi ga jama'a. GitHub Actions, GitLab CI ko Jenkins, kowanne zai yi.

Mai ganin wannan ƙaƙale ne ya tuna da Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. Ranar 1 ga Agustan 2012 ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, domin an ɗora sabon kod a uwayen garke bakwai, an manta ta takwas.

Uwayen garken da netwok ɗin ma a rubuce ya kamata su kasance, da kayan aiki irin Terraform, ba wai wani ya shiga shafin AWS yana danne-danne, gobe ya manta abin da ya danna ba.

Mataki na 3: Ja iyakoki

Bi harkar kasuwancin wajen yanka, kada ka bi fasahar. "Sashen oda", "sashen biya", "sashen kaya" iyakoki ne masu ma'ana, don kowanne yana da aikin da mai shago zai gane. "Sashen rumbun bayanai" da "sashen lissafi" ba iyakoki ba ne, domin duk gyaran da za ka yi sai ya ratsa su duka.

Ga gwaji mai sauƙi: buɗe tarihin Git na wata shida da suka wuce. Duk ɓangarori biyun da kullum tare ake taɓa su, abu ɗaya ne, kada ka raba su. In ka raba, ka samu mafi munin hali: sassa da yawa waɗanda dole a sake su rana ɗaya a jere, ga wahalar netwok, ga rashin 'yanci. An gudu ba a tsira ba.

Kada kalmar "ƙanana" ta ruɗe ka. Sassa huɗu masu ƙwari sun fi arba'in masu kama da tsakuwa. Uber ya kai sassa wajen 2,200, har a 2020 ya bayyana cewa ya koma tattara su rukuni-rukuni don a iya gane kansu.

Mataki na 4: Zuba kowane sashe a kwantena

Docker, wanda ya fito a 2013, shi ya sauƙaƙa wannan harka. Kwantena tana ƙunshe kod ɗinka da duk abin da yake buƙata, ta yadda abin da ya yi aiki a kwamfutarka shi ne zai yi aiki a gajimare. Ga fayil ɗin Dockerfile na sashen saƙonni, idan da Node.js aka rubuta shi:

```
FROM node:20-slim
WORKDIR /app
COPY package*.json ./
RUN npm ci --omit=dev
COPY . .
USER node
CMD ["node", "server.js"]
```

Dubi yadda aka jera layukan. An fara kwafe jerin kayan da manhajar ta dogara da su, an sauko da su, sannan aka kwafe sauran kod ɗin. Docker yana tuna kowane mataki, don haka in kod kaɗai ka canza ba zai sake sauko da kayan ba, ginin da zai ci mintoci sai ya ƙare cikin daƙiƙoƙi. Layin `USER node` kuma yana hana manhajar gudana da cikakken iko, ko da ɓarawo ya samu ƙofa.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka saka kalmar sirri ko mabuɗin kamfanin biyan kuɗi a cikin kwantena. Ajiye su a ma'ajiyar sirri ta gajimaren, a miƙa wa kwantenar lokacin da za ta tashi. Kuma kada ka yi wa abin da ka gina laƙabin `latest`. Sa masa lambar da Git ya bai wa gyaran, domin ranar da abu ya ɓaci ka san ainihin wanda ke gudana da wanda za ka koma.

Mataki na 5: Ciro sashe ɗaya tak

Fowler ya ga wata bishiya dangin ɓaure da ceɗiya a dazukan Ostireliya, wadda take tsirowa a kan wata bishiyar, ta sauko da saiwoyinta a hankali har ta lulluɓe ta, uwar ta mutu a ciki ita ta tsaya. Da ita ya kwatanta hanyar da ta fi aminci wajen maye gurbin tsohuwar manhaja. Ba a rushe gida a ce za a gina sabo alhali da mutane a ciki.

A aikace, sa mai gadi a bakin ƙofa, wato wata manhaja irin Nginx ko ƙofar API ta gajimaren (API ita ce hanyar da manhajoji ke magana da juna), wadda duk buƙatar da ta shigo sai ta bi ta hannunta. Da farko tana miƙa komai ga tsohuwar manhaja. In sabon sashe ya shirya, sai ka ce mata buƙatu kaza su koma can. In ya ba da matsala, layi ɗaya za ka canza su dawo.

Fara da sashen saƙonni. Ba ya riƙe kuɗin kowa, kuma in ya tsaya na awa guda ba a fasa ciniki ba, tes ne kawai zai makara. A kansa za ka yi kurakuran farko, gara ka yi su inda ba su da tsada. Sashen biya shi ne na ƙarshe.

Mataki na 6: Raba rumbun bayanai

Nan ne gizo ke saƙar. Mutane da yawa sukan raba kod su bar rumbu ɗaya kowa yana zura hannu, su ce sun gama. Ba su gama ba. Ranar da masu sashen oda suka canza sunan wani gurbi a teburinsu, sashen biya zai faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ƙa'idar ita ce kowane sashe da rumbunsa, mai son bayanin wani ya tambaye shi ta API ko ya saurari sanarwarsa. Ba lallai ne ka yi hayar uwar garke daban ga kowanne tun farko ba. Manhajar rumbu ɗaya irin PostgreSQL ma ta isa, muddin kowane sashe yana da ɓangarensa da mabuɗinsa, ba ya iya leƙa na wani.

To amma ka rasa wani babban gata. A dunƙulalliyar manhaja, in kwastoma ta sayi turmi uku na atamfa, rubuta odar da rage kaya da rubuta biyan kuɗi duk a numfashi ɗaya ake yinsu: ko duka su tabbata ko duka su warware. Yanzu rumbuna uku ne, babu mai ɗaure su. Mafita ita ce tsarin da ake kira saga, wanda Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka bayyana tun 1987: kowane mataki a tanadar masa matakin warwara.

Ga yadda zai gudana. Sashen oda ya rubuta odar da alamar "ana jira", ya yi shela. Sashen kaya ya ji, ya keɓe turmi uku, ya yi shela. Sashen biya ya nemi kuɗin. In kuɗi sun shigo, oda ta koma "an tabbatar", sashen saƙonni ya tura tes. In katin bai yi aiki ba, sashen biya ya yi shelar haka, sashen kaya ya mayar da turmi ukun kan kanta, oda ta koma "an soke". Sai kuma ka tambayi kanka: in kwastomar ta rufe wayarta a tsakiya, ba ta biya ba, ba ta soke ba fa? Dole keɓewar ta zama mai wa'adi, misali minti goma sha biyar, in ba haka ba kayanka za su ƙare a rubuce alhali suna jibge a shago.

Shelar nan ta hannun dillalin saƙo take bi: RabbitMQ, ko Kafka wanda ya fito daga LinkedIn, ko SQS na Amazon. Ga ƙaramin shago RabbitMQ ko SQS sun wadatar, Kafka babbar riga ce. Akwai wani rami a nan da ba a cika gani ba: sashen oda ya rubuta odar a rumbunsa, kafin ya yi shela sai ya mutu. Oda tana nan, babu wanda ya sani. Maganinsa shi ne ka rubuta shelar a wani tebur cikin rumbun guda, a numfashi ɗaya da odar, sannan wani ɗan aike daban ya riƙa kwashewa yana kai wa dillali.

Ɗan aiken nan yana iya kai saƙo ɗaya sau biyu, haka ma na waje. Kamfanonin biyan kuɗi irin su Paystack da Flutterwave sukan sake turo sanarwar biya idan ba su samu amsa daga wajenka ba. Na taɓa kwana ina neman dalilin da ya sa lissafin kayan wani shago ba ya daidaita, ashe amsarmu ce take jinkiri, sanarwa ta sake zuwa, mu kuma mu sake rage kaya a kan ciniki ɗaya. Gyaran bai kai layi ashirin ba: kowane saƙo yana da lambarsa, kafin ka yi aiki da shi duba ko ka taɓa ganin lambar, in ka taɓa ka amsa da "na ji" ka wuce. Kowane sashe da ke karɓar saƙo sai ya yi haka, babu togiya.

Mataki na 7: Ɗauka cewa maƙwabcinka zai faɗi

Yi wannan lissafin. Sashen da ke aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci yana tsayawa kimanin minti 43 a wata. In buƙata ɗaya sai ta ratsa sassa goma irinsa a jere, amincin ya sauko zuwa kashi 99, wato sama da awa bakwai a wata. Shi ya sa doguwar sarƙar kira, wannan ya kira wancan ya jira, wancan ya kira na gaba ya jira, take da haɗari. Duk inda amsar nan take ba dole ba ce, yi shela ka wuce.

Inda kira ya zama dole, sa masa wa'adi, daƙiƙa biyu ko uku. In za ka sake gwadawa, ƙara tazara: daƙiƙa 1, sai 2, sai 4, tare da ɗan bambancin lokaci tsakanin masu kira, don kada dubu su afka wa mara lafiya lokaci ɗaya su ƙarasa shi. Sannan ka sa abin da ke aiki kamar fis ɗin lantarki: in kira ya gaza sau da yawa a jere, a daina kira na ɗan lokaci, a ba da amsar wucin gadi. Shago ya nuna atamfa ba tare da sharhin masu saye ba ya fi ya nuna farin shafi. Netflix har wata manhaja ya ƙera, Chaos Monkey, wadda aikinta kashe uwayen garkensa da gangan a lokutan aiki, don injiniyoyi su saba. Ba sai ka kai can ba, amma ka kashe sashe ɗaya da hannunka a wurin gwaji ka ga abin da zai faru.

Mataki na 8: Zaɓi inda za su zauna

Kowa Kubernetes yake ambata. Google ne ya fitar da shi a 2014, kuma gwani ne wajen rarraba kwantenoni a kan uwayen garke, tayar da wadda ta mutu, da ƙara yawansu in nauyi ya ƙaru. Sai dai shi kansa sana'a ce. In sassanka ba su wuce biyar ko shida ba, Cloud Run na Google, ko ECS da Fargate na Amazon, ko Azure Container Apps za su ɗauke maka kayan: ka miƙa kwantena, su gudanar.

Ga mai samun kuɗinsa da naira ko sefa yana biyan haya da dala, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kubernetes na Amazon, wato EKS, yana cin senti 10 a kowace awa, kusan dala 73 a wata, tun kafin ka tayar da kwantena ko ɗaya. Ƙara kuɗin rumbuna, mai rarraba nauyi, ajiyar bayanan aiki, da kuɗin zirga-zirgar bayanai tsakanin cibiyoyi. Kunna ƙararrawar kasafi tun ranar farko.

Batun wuri kuma: Azure ya buɗe cibiyoyi a Afirka ta Kudu a 2019, AWS ya buɗe a Kef Tawun a 2020, Google a Johannesbag a 2024, kuma AWS yana da ƙaramin reshe a Legas. Kada ka yi hukunci da taswira. Auna saurin daga layukan da kwastomominka ke amfani da su, don sau da yawa Landan ko Farankfot sukan yi gogayya da Afirka ta Kudu saboda yadda wayoyin ƙarƙashin teku suka bi. Duk inda ka zaɓa, tara sassan a yanki ɗaya, tunda hirarsu da juna ta fi hirarsu da kwastoma yawa. In kana riƙe bayanan 'yan Najeriya, duba abin da dokar kare bayanai ta 2023 ta ce game da fitar da su waje.

Mataki na 9: Saki da kaɗan-kaɗan

Yanzu kowane sashe yana da layinsa na saki. Kada sabon gyara ya isa ga kowa lokaci ɗaya. Ba shi kashi 5 cikin ɗari na masu shigowa, ka zuba ido minti ashirin, in lafiya ka ƙara. Ana kiran wannan sakin kanari, daga al'adar masu haƙar kwal da suke shiga rami da tsuntsun don ya fara jin gurɓatacciyar iska. A Kubernetes komawa baya umarni ɗaya ne, `kubectl rollout undo`, amma ka gwada shi tun ba ka shiga uku ba.

Tunda tsoho da sabo za su yi aiki tare na ɗan lokaci, kada gyara ya karya alƙawarin da ka yi wa masu kiran ka. In za ka canza gurbin `waya` ya koma `lambar_waya`, saki uku ne ba ɗaya ba: ƙara sabon gurbi kana cika duka biyun, jira kowa ya koma sabon, sannan ka goge tsohon.

Mataki na 10: Sa ido

Kwastoma ta kira ta ce an cire mata kuɗi ba ta ga oda ba. A da fayil ɗaya za ka buɗe. Yanzu sawunta yana warwatse a wurare biyar. Don haka mai gadin ƙofa ya liƙa wa kowace buƙata lamba, kowane sashe ya miƙa ta ga na gaba, ya kuma rubuta ta a duk layin da ya ajiye. OpenTelemetry, wanda aka kafa a 2019, shi ne ma'aunin da aka fi bi wajen wannan. Prometheus yana tara alƙaluma, Grafana yana zana su. Kowane sashe ka san abu uku game da shi: buƙatu nawa yake karɓa, nawa ke gazawa, tsawon wane lokaci yake ɗauka. Ƙararrawar da za ta tashe ka da dare ta zama a kan abin da kwastoma ke ji a jikinta, kamar gazawar biya, ba a kan wata kwantena da ta mutu ta tashi da kanta ba.

Idan sashen saƙonni ya yi wata guda yana aiki, ka sake shi sau da yawa ba tare da ka taɓa tsohuwar manhaja ba, koma cikin tsohuwar ka goge kod ɗin saƙonnin da teburansa. Sannan ka ɗauko takardar kuɗin gajimaren ta wannan watan ka ajiye kusa da ta watan da ya gabata, ka kira tawagar ku zauna a kan ko sashen kaya ne zai biyo baya.